Fitowar Rana a Tankin Kawu Fai

Shekara talatin da ɗaya Poon Tak-fai ya yi yana tuƙa jirgin titi, wannan mai bin dogo yana jan wuta daga wayar sama. Tun ranar da ya ajiye aiki ya yanke wa kansa hukuncin cewa duk faɗin Hong Kong babu wanda ya san wutar lantarki kamarsa. Hujjarsa guda ce: ya zauna a ƙarƙashinta shekara talatin da ɗaya, ba ta kashe shi ba.

"Wuta tana gane hannun mai ita," haka yake gaya wa abokan shan shayinsa kowace safiya. "Ni ko tari na yi sai ta nutsu."

A unguwar Sham Shui Po kowa Kawu Fai yake ce masa. Gidansa a hawa na biyar yake, cikin wani tsohon bene marar lif, ɗaki biyu da falon da in mutum uku suka zauna sai na huɗu ya tsaya a bakin ƙofa. A wannan falon ya kafa tankin kifinsa na gilashi, jikin tagar da ke kallon titi. Kifi tara ne, takwas jajaye, ɗaya baƙi mai kwashe wa gida tsiya. Matarsa Lai-ha kuwa shekara goma sha ɗaya ke nan tana auna wurin da ido. Ta san injin wanki zai shige shi cif, har a sami inda za a ajiye bokiti. Da hannu take wanki a banɗaki, kuma duk rigar da ta matse sai ta harari kifin.

Saura mako biyu dangin Szeto su kawo kayan neman auren 'yarsu Ying, sai doguwar fitilar da ke kan tankin ta mutu.

"Ka sauka kanti ka sayo irinta," in ji Lai-ha. "Minti goma ne."

"Irinta? Haba uwar Ying! Surukai za su shigo su ga kifina a ƙarƙashin fitila irin ta banɗakin asibiti?"

Ashe a kasuwar kifi ta Mong Kok ya ga wata fitilar zamani mai ƙananan ƙwayaye, wadda ake murɗawa haske ya taso a hankali kamar ketowar alfijir, a sake murɗawa ya lafa kamar faɗuwar rana. Da ya tambayi kuɗinta sai da ya dafa bango. Ya fito yana cewa 'yan fashi ne, shi zai haɗa wadda ta fi ta da kuɗin kwanon taliya biyu.

Lai-ha ta ajiye wuƙar da take yanka kabeji, ta juyo.

"Tsoho, buɗe kunnenka. An duba littafin ranaku an zaɓi rana da sa'a, ba a ɗagawa. Uwar yaron mace ce mai duba ƙasan kujera ta ga ko an share. In ka kunyata ni ranar nan, ko da ƙiris, tankin nan ya bar gidana."

"In kuma suka tafa mini?"

"In suka tafa maka, na daina maganar injin wanki har in mutu."

"An gama," in ji Kawu Fai. Ya leƙa tankin ya ce wa baƙin kifin, "Ka ji da kunnenka, kai ne shaida."

Washegari ya saka hular aikinsa ta da, ya gangara titin Apliu, inda ake zube kayan wuta tun daga kan tebur har ƙasa. Ya tsaya a rumfar wata mata mai suna Fan, gajera mai tabarau a goshi, tana cin shinkafa a cikin kwali.

"Mai rumfa, ƙwayayen LED nake so, masu ƙarfi. Na tankin kifi."

"Tsawon tankin?"

Ya buɗe hannuwansa.

"Kawu, ba kifin da ya tsere maka na tambaya ba. Ƙafa nawa?"

"Uku."

"To. Ga ƙwayaye, ga taransifomarsu, don ba sa shan wutar bango kai tsaye. Ga farantin alminiyam da za ka manna su a kai ya shanye zafi. Ga mamurɗin rage haske, nasu na musamman. Huɗun nan tare suke tafiya."

Kawu Fai ya yi dariyar wanda ya gano tarko.

"Yarinya, lokacin da nake jan wuta mai iya tura mutum ɗari daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan, ke ba a haife ki ba. Ƙwayaye kawai."

"Shekarata hamsin da shida."

"Ƙwayaye kawai, na ce. Waɗancan na cikin kwando, masu araha."

"Waɗancan ba su da takarda. Ni kaina ban san launinsu ba, cikin kayan wani shago da ya rufe na same su."

"Haske ai haske ne."

Fan ta zuba masa a leda ta koma kan shinkafarta. "Sai ka dawo," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

A ƙarshen titin ya sami wani tsoho ya shimfiɗa tabarma da tarkace: takalmi ƙafa ɗaya, rediyo marar baya, da mamurɗin fankar sama. Kawu Fai ya ɗauki mamurɗin ya juya shi, ya ji yana ƙas ƙas ƙas. Abin da ya rage gudun fanka, me zai hana shi rage gudun haske? Ya saya, ya taho gida yana fito.

Ranar Laraba da magariba, lokacin da kowane gida a benen ya ɗora shinkafa, maza kuma sun kafa wa talabijin ido ana sukuwar dawaki, Kawu Fai ya gama liƙa wayoyinsa da dalma, bayan ya ƙona yatsu biyu da gefen tebur. Ya tura filogi cikin bango.

Aka ji fau! Hawa na biyar gaba ɗaya ya yi duhu.

Ƙofofi suka fara buɗewa. Goggo Mak, maƙwabciyarsu ta ƙofa da ƙofa, wadda ba abin da ke wucewa a benen ba ta sani ba, ta fito da ludayi a hannu. Mijinta na bayanta yana ihu.

"Dokina ne a gaba! Saura lanƙwasa ɗaya ya shigo! Wane ɗan banza ne?"

"Daga kamfani ne," in ji Kawu Fai daga bakin ƙofarsa. "Na ji sautin, irin na babban layi ne."

"Kamfani ne ya ƙona maka gira?" in ji Goggo Mak, ta haska shi da wayarta.

Ya shafa. Ta hagu babu.

Da safe ya koma titin Apliu da hula a karkace. Fan ta dube shi ta dubi inda girar take a da, ta miƙo taransifoma da sabbin ƙwayaye daga kwandon ba tare da ya yi magana ba.

"Faranti fa?"

"Ina da nawa."

Ba shi da shi. Amma a kicin ɗin Lai-ha akwai wani faffaɗan murfin alminiyam, wanda take rufe kasko da shi in za ta turara kifi, gadon uwarta. Kawu Fai ya jira ta fita kasuwa, ya hau rufin bene da murfin da guduma, ya daddage shi har ya zama kamar faifai, ya manna ƙwayayen da gam mai kama ƙarfe, ya ɓoye komai cikin akwatin katako ya kife a kan tankin.

Da yamma Lai-ha ta birkice kicin.

"Ina murfina?"

"Wane murfi?"

"Murfin uwata! Gidan nan taku shida ne, ina zai shiga?"

Kawu Fai ya dubi silin. "Ba Goggo Mak ce ta ari kasko ranar nan ba?"

Lai-ha ta fita. Rabin sa'a aka yi ana jin muryoyi biyu a matattakala, aka tono kwanon miya na shekara takwas da ba a mayar ba, da lemar da aka ara aka dawo da ita a karye. Daga ranar suka daina gaisuwa. Kawu Fai ya zuba wa kifinsa abinci, ya ce wa baƙin, "Kai dai ka yi shiru."

Ranar Asabar Lai-ha ta tafi gidan ƙanwarta a can bayan gari don ɗinkin kayan biki, za ta kwana biyu. Ying tana wurin aiki. Ranar Litinin da rana ta faɗi Kawu Fai ya jona komai, ya ja baya, ya kunna.

Ya kama. Haske ya cika tankin, ya cika falon, ya fita ta taga har jikin benen da ke tsallaken titi. Shuɗi ne fat, mai ratsin fari, sanyi ƙalau. Ashe ƙwayayen na masu kiwon kifin teku ne. Jajayen kifin nan takwas suka koma launin toka, baƙin ya ɓace ɗungum.

"Teku!" in ji Kawu Fai. "Na kawo teku cikin falo!"

Bai tsaya ya tuna ba cewa a garin nan shuɗi da fari a ƙofar gida abu ɗaya suke faɗa, kuma ko yaro ya san fitilar gidan makoki. Ya buɗe ƙofar katako don hayaƙin dalma ya fita, ya bar ta ƙarfe a rufe, ya zauna a kujera cikin farar singileti, idanunsa na zubar da ruwa saboda hayaƙin.

Bai yi minti ashirin ba ya ji ana taɓa ƙofa a hankali. Goggo Mak ce, da mijinta, da mai maganin gargajiya na ƙasan bene, da wasu mata uku na hawa na huɗu. Kowa da farar ambulan ta ta'aziyya a hannu.

"Kawu Fai," in ji Goggo Mak. "Sai haƙuri. Yaushe abin ya faru?"

"Yanzun nan," in ji shi yana share ido. "Kwana biyar ina fama, sai yau."

"Kwana biyar! Kai kaɗai? Ba ka kira kowa ba?"

"Wa zan kira? Ni na san kan abina. Sau ɗaya dai ta yi ƙara ta ƙona mini gira."

Matan suka dubi juna. Goggo Mak ta fashe da kuka ta zube a kujera.

"Ni da muka rabu da faɗa! Kwana biyu ban ji muryarta ba, na ce a raina bene ya huta. Bakinta kamar almakashi, ba ta taɓa mayar da abin aro da daɗin rai ba, miyarta gishiri, amma wayyo, a kan murfi! Na rantse ban ɗauki murfin nan ba, ki ji ni a inda kike!"

"Ina jin ki," in ji wata murya daga matattakala.

Lai-ha ce, da jaka a kowane hannu, tana haki, shuɗin hasken ya bugi fuskarta. Goggo Mak ta ƙwalla ƙara ta haye bayan mijinta. Mai magani ya yar da ambulan ya fara karanto sunayen alloli. Ɗaya daga cikin matan hawa na huɗu ta bi ta ƙarƙashin hannun Lai-ha ta sauka da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Lai-ha ta dubi hasken, ta dubi ambulan ɗin, ta dubi mijinta.

"Saura kwana shida a kawo kayan auren 'yata, ka kunna mini fitilar gawa a taga?"

"Teku ne, uwar Ying."

"Miyata gishiri ko?" ta ce da Goggo Mak. "Kwashe ambulanki. Ranar taki zan kawo miki da kaina."

Ta fizge filogin. Daren nan da ruwan ganyen lemo aka wanke ƙofa da taga da kujerun da masu ta'aziyya suka zauna, don a kore tsiya, har Kawu Fai kansa sai da aka watsa masa kofi biyu.

"Wannan ba ya cikin sharaɗi," ya ce yana ɗiga. "Ranar surukai muka yi da ke."

"Na sani," in ji Lai-ha. "Na riga na je na ga injin. Fari ne."

Karo na uku da ya tsaya a rumfar Fan, ba ta bari ya buɗe baki ba.

"Na ji an yi rasuwa a benenku."

"Ja nake so. Ja wur, na biki, na arziki."

"Ka cire shuɗayen tukuna."

Shuɗayen ba sa ciruwa. Gam ɗin ya kama su da murfin kamar tare aka ƙera su, ya gwada da wuƙa har ta lanƙwashe. Amma bai ga dalilin gaya wa mace mai cin shinkafa a kwali wannan ba.

"Ja ya fi shuɗi ƙarfi," ya ce. "Zai danne shi."

"A ina ka karanta?"

"A kan dogo."

"Mamurɗin fa? Na fankar nan ne da aka ce ka saya a kan tabarma? Kawu, ba jinsinsu ɗaya ba, zai sa su ƙyafta ido."

"Nawa yana ƙas ƙas ƙas. Naki yana yi?"

Ya gwada jajayen su kaɗai a kan tebur, suka yi ja gwanin kyau. Ya manna su tsakanin shuɗayen, ya haɗa duka a kan mamurɗin fanka. Bai sami damar gwada su tare ba, don Lai-ha ta kafa doka: duk lokacin da ta ga filogin nan a bango sai ta cire, ta kuma yi barazanar yanke shi da almakashi. Wannan ya ba Kawu Fai dabarar da ya fi alfahari da ita. Ranar jajibiri, tana wurin gyaran gashi, ya janye kabad, ya kwance soket, ya ɗaura wayar fitilarsa kai tsaye cikin bango, ya mayar da kabad ya jibga buhun shinkafa a gaba. Ya rufe tankin da jan ƙyalle.

"Yanzu ta nemi filogi ta gani," ya ce wa kifin.

Ranar ta zo da hadari. Sa'ar da aka zaɓa ƙarfe uku ce zuwa biyar, amma tun biyu da rabi gari ya yi duhu kamar magariba, ruwa na sauka. Dangin Szeto suka hawo bene biyar da kwanduna: kek na aure, ganyen shayi, busassun kayan teku, kwakwa biyu, lemo, komai bibbiyu. Uwar ango doguwa ce mai siririn baki, tana shigowa ta shafa saman kabad da yatsa ta duba. Uban ango, tsoho Szeto, ɗan ƙaramin mutum ne mai shiru, hannuwansa duk tabon ƙuna. Ango da Ying suka maƙale a kusurwa. Falon ya cika, aka buɗe ƙofar katako don a sha iska, Goggo Mak kuma ta sami dalilin share gaban ƙofarta sau uku.

Aka zuba shayi. Aka jera kaya. Lai-ha ta fara ware rabin da dangin amarya kan mayar, tare da nasu tukuicin, tana ɗaure kowanne da jan zare. Komai na tafiya daidai, har uwar ango ta ce shayin ba laifi.

Kawu Fai ya miƙe ya gyara murya.

"Surukaina, a gidan nan rana ba ta jiran sama. Ni nake fito da ita."

"Tsoho, zauna," in ji Lai-ha ta cikin haƙora.

"Suruki, me kake yi kafin ka huta?" ya tambayi Szeto.

"Ɗan aikin fitilu," in ji tsohon.

"Madalla! To yau za ka ƙaru. Ying, kashe fitilar sama."

Ya yaye jan ƙyallen. Ya kama mamurɗin. Ƙas. Wani ɗan ja ya taso daga ƙasan ruwa, kifin suka yi ƙyalli, har ango ya ce kai. Kawu Fai ya dubi matarsa ya ɗaga girar da ta rage masa. Ƙas. Jan ya ƙaru. Uwar ango ta ɗaga hannuwa, saura kaɗan ta tafa.

Da ya tsaya a nan, da yau Lai-ha tana wanki da hannu. Amma mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana tura hannun jirgi har ƙarshe ba ya barin mamurɗi a tsakiya.

"Wannan alfijir ne kawai. Ga hantsi!"

Ƙas. Shuɗayen da fararen suka farka. Suka gauraya da jan a cikin ruwa, falon gaba ɗaya ya rine ya koma ruwan hoda, mai kauri, mai ɗaukar ido, ya fita ta taga ya kwanta a kan ruwan sama, ya fita ta ƙofar ƙarfe ya cika matattakala. Sannan mamurɗin fanka ya fara aikinsa. Hasken ya shiga ƙyaftawa, ya kawo, ya ɗauke, ya kawo.

 A Sham Shui Po ba a buƙatar allo a kan ƙofar da fitilar ruwan hoda ke ci a matattakalarta. Kowa ya san matan da ke kunna ta da baƙin da suke jira.

"Kashe," in ji Lai-ha.

Ya murɗa baya. Mamurɗin ya fito a hannunsa.

"Cire filogi!"

"Wato, uwar Ying, maganar filogin nan..."

Ta janye buhun shinkafa, ta leƙa bayan kabad, ta ga waya ta shige bango kamar wutsiyar ɓera. Ta ɗauki jan ƙyallen ta jefa a kan tankin. Hasken ya ratso ta cikinsa ya ƙara kyau.

A daidai nan aka danna ƙararrawa. Wani mutum ne a bakin ƙofar ƙarfe, da jiƙaƙƙiyar lema, ya ja hula har kan hanci. Ya leƙo ya ga mata a zaune cikin kwalliya.

"Sabon wuri ne?" ya ce ƙasa ƙasa. "Daga titi na hango. Akwai layi ne?"

Ying ta rufe fuska. Goggo Mak ta ɗaga tsintsiya ta sauke masa a ƙeya.

"Layin ubanka! Gidan mutunci ne, kayan aure ake karɓa!"

Mutumin ya juya da gudu ya yi karo da wani da ke hawowa, su biyun suka gangara tare. Daga ƙasa aka ji mai magani yana ɗaga murya: "Ranar Litinin gawa, yau kuma wannan? Kawu Fai, wai me kuke sayarwa a hawa na biyar?"

Uwar ango ta miƙe ta ɗauki jakarta.

"Wane irin gida ɗana zai shiga?"

"Zauna," in ji tsoho Szeto, karo na farko da ya ɗaga murya. "Kuskuren haɗi ne. Ja da fari da ɗan shuɗi, dole su ba da wannan. Na gaske ma ya fi wannan duhu kaɗan, kuma ba ya ƙyaftawa, masu shi ba sa so. Na lanƙwasa irinsa ya fi ɗari biyar."

Matarsa ta juyo gaba ɗaya.

"Ka lanƙwasa wa wa?"

"Sana'a ce. Shekara arba'in ina hura gilashin fitilun kan titi, wanda ya biya..."

"Ka ce mini na kantin magani da gidajen abinci kake yi."

"Da su ma."

"Wa yake hawa ya ɗaura musu?"

Tsoho Szeto ya ga gara wuta da wannan tambayar. Ya tashi ya nufi akwatin fis da ke bayan ƙofa, ya sauke maɓalli ɗaya. Ruwan hoda ya mutu, fitilar kicin ba ta ko motsa ba. Ya zo ya ɗaga akwatin katakon daga kan tankin ya juya shi don ya ga aikin. Ga ƙwayaye, ga gam, ga dalma dunƙule dunƙule kamar kashin kaza. Ga kuma faifan alminiyam duk sawun guduma, da ɗan mariƙin katako a tsakiya wanda Kawu Fai ya kasa cirewa.

Goggo Mak ta leƙo ta ƙofar ƙarfe.

"Lai-ha. Wancan ba murfin uwarki ba ne?"

Kawu Fai ya nemi inda zai sa idonsa ya rasa. Ya dubi baƙin kifin, baƙin kifin ya juya masa wutsiya.

"Murfin da nake turara kifi da shi," in ji Lai-ha a hankali, "shi ka kife wa masu rai a ka. Ka sa na zagi maƙwabciyata har kakanninta."

"Yana shanye zafi sosai," in ji Kawu Fai. "Suruki, faɗa musu."

"Gaskiya yana shanyewa," in ji Szeto. "Shi kaɗai ne daidai a cikin aikin."

Lai-ha ta dubi agogo. Biyar saura kwata, sa'a ba ta fita ba. Ta dubi uwar ango da ke tsaye da jaka, ta yanko jan zare mai tsawo, ta zagaye tankin da shi ta ƙulla, ta yi murmushin da mijinta bai taɓa gani ba.

"Surukata, ruwa arziki ne, kifi tara kuma cikar gida. Shekara goma sha ɗaya suna tara mana alheri a tagar nan. Mun sa su cikin kayan mayarwa, su bi 'yarmu. Gidan da ke da mai sanin fitila na gaske, can ya dace da su."

Abin da uwar amarya ta ɗaura wa jan zare a gaban mutane, ba mai fuskar cewa ba ya so, ba kuma uban da zai ce a kwance. Uwar ango ta dubi kifin, ta ƙirga su da ido, ta ga takwas da ɗaya daidai. Bakinta ya ɗan saki. Ta ajiye jaka, ta tafa sau biyu.

"Ta tafa!" in ji Kawu Fai. "Uwar Ying, kin gani, ta tafa!"

"Ni ta tafa wa."

Aka kwashe kifin a bokiti biyu. Ango da mijin Goggo Mak suka sauke tankin hawa biyar, Kawu Fai na biye da su yana ba da umarnin da ba mai ji. A bakin mota tsoho Szeto ya riƙe hannunsa ya ce ya riƙa zuwa ganinsu duk ranar Lahadi, da sharaɗin ya bar hannuwansa a aljihu.

Ranar Talata aka kawo injin wanki. Ya shige wurin cif, har da inda za a ajiye bokiti. Lai-ha ta gayyato Goggo Mak ta zuba mata shayi, suka zauna suna kallon wankin farko. Kawu Fai ya jawo kujerarsa ta kullum ya zauna a gaban zagayayyen gilashin, yana kallon jar rigar matarsa da baƙar safarsa suna iyo cikin kumfa.  Can ya matso da fuska, ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa.

"Uwar Ying, cikin nan fa da duhu."

Lai-ha ba ta juyo ba. Ta miƙa wa Goggo Mak sabon murfin kaskonta.

"Ajiye mini wannan a gidanki," ta ce. "Ki kulle."